Sunan da Hamsatu Ba Ta Faɗi

Rumfata da ta Hamsatu a kasuwar Lolo buhu ɗaya ne ya raba su. Ni gishiri da kanwa nake sayarwa, ita kifin banda, kuma tun muna iya ɗora wa kanmu kwando muke zaune a wurin, har ga shi yau sai an kama mana. Saboda haka in na ce na san matar nan, ba a bakin wani na ji ba.

'Yar Sarkawa ce, masunta kaka da kakanni. A bakin kogin Kwara aka haife ta, hayaƙin banda ya shiga jikinta tun tana ƙarama, har yau in ta ari gyalenka sai ka wanke kafin ka yafa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, ga taurin kai kamar jakin da aka nuna wa kwalekwale. Tana jin Dandanci kamar Hausa, ta kuma iya faɗa da Fulatanci, wanda ta ce saboda masu tallan nono ta koya. Mijinta Namadi ya yi su har idonsa ya gaza, ya koma gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida da laluben hannu. Da can iyakar duniyar Hamsatu Malanbil ce, nan cikin Binin, inda muke zuwa saro kaya mu dawo a ranar. Yanzu kuwa in ta buɗe baki a rumfa sai ka ji Kara, Yandi, Tamale, ka ce direban tirela ne.

Abin da ya fitar da ita 'yarta ce ta fari, Shafa'atu.

A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma kawar da kai take yi wani ya ɗauka. Kowa na yi. Ni da nake wannan surutun, ba za ku ji sunan nawa a bakina ba. Sai dai yawancinmu muna sata: in ɗaki ya zama ba kowa, ka jawo ɗanka ka yi masa rawa, ka shinshina wuyansa, da ka ji motsi ka ajiye ka haɗe fuska. Hamsatu ba ta sata. Yadda uwarta ta koya mata haka ta riƙe, a fili da ɓoye. Da aka yaye yarinyar aka miƙa wa Goggo, yayar Namadi, ita ta raine ta. Daga nan sunanta a bakin Hamsatu ya zama "ta gidan Goggo", yarinyar kuma ta tashi tana ce wa uwarta Yaya.

Na tuna ranar da Shafa'atu, tana 'yar ƙwailarta, ta zame daga kwalekwale ruwa ya ja ta. Aka yi ihu, maza suka faɗa, aka fito da ita tana aman ruwa. Duk matan bakin gulbi sun taru a kanta, ban da uwarta, wadda ta ci gaba da juya kifi a kan waya ko ɗaga ido ba ta yi ba. Da jama'a ta watse na zagaya bayan murhun banda ɗaukar tirena, na same ta durƙushe ta cusa bakin zane a baki, tana danne kuka. Ta ɗago ta harare ni, na ɗauki tirena na wuce. Ni na ga wannan, yarinyar kuwa juyin kifin kawai ta gani.

Shafa'atu ta auri Muzammilu, yaron kirki, masunci. Da kifi ya ja baya a Kwara ya bi sawun 'yan uwansa zuwa Yeji, bakin babban tafkin ƙasar Gana, ya ɗauki matarsa. Shekaru suka tura ba haihuwa, har mutane suka gaji da tambaya. Sai ga labari ya zo cewa ciki ya zauna. A ƙa'ida gida za ta zo goyon ciki, ta haihu a gaban iyaye, a yi mata wankan jego da kunun kanwa, amma likita ya hana ta doguwar tafiya. Hamsatu kuwa duk ranar kasuwa takan miƙo hannu ta zaɓi kanwata mafi kyau, ta ce wai ta awakinta ce. Hamsatu ko kaza ba ta da ita.

Ranar da aka haihu muna rumfa, kasuwa ta cika, ɗanta Cindo mai kabu-kabu ya zo da waya a hannu ya buɗe muryar kowa na ji. Muzammilu ne. Ya ce aiki aka yi mata, an ciro 'ya mace, jiki da sauƙi, sai dai maijegon ta yi sanyi, ba ta son magana da kowa. Mata suka ɗau guɗa. Cindo ya kai wayar bakin uwarsa ya ce, "Inna, ga ta nan, ki yi mata sannu."

Idanu suka dawo kanta. Hamsatu ta dubi kifinta ta ce, "Allah shi raya," ta ɗauki mafici ta ci gaba da korar ƙuda.

Sai muka ji muryar Shafa'atu, siririya, daga can nesa. "Cindo, ƙyale ta. Ba ta da lokacina. Tun can ma ba ta da shi."

Wallahi raina ya ɓaci. Da aka watse na juya kanta na ce, "Wagga wace irin kunya ta, Hamsatu? An tsaga cikin ɗiyarki, kalma guda ta gagare ki?" Ta ci gaba da jera tarwaɗa kamar da buhu nake magana.

Bayan kwanaki kaɗan, da sassafe, ina shara sai ga ta a ƙofata da ƙunshi a ka.

"Zubaida, in an biɗe ni, ki ce na tahi Malanbil."

Na taɓa ƙunshin. Kanwa ce, da busasshen ganyen runhu na wanka, da yajin jego da ta daka da kanta. Na ce, "Wa ka kai kanwa Malanbil, can da muka saro ta?" Na ce to ta karɓi lambar surukin nata wurin Cindo. Ta ce a'a, in ta tambayi lambar ai ta yi shela ke nan. Na ce ba ta san hanya ba. Ta ce waɗanda suka san ta ai ba da ita aka haife su ba. Ta gyara gammo ta nufi Madekali, kan hanyar Malanbil. 'Yar wayarta kuwa tana wuce Malanbil ta zama dutse, sabis ya ɗauke.

Sauran labarin daga bakinta na tsinto shi, guntu-guntu, don Hamsatu ba ta ba da labari sai an yi kamar ba a damu ba.

Dandanci ya yi mata rana a Kandi da Faraku har Jugu, kowace tasha ta sauka akwai mai jin ta. A Faraku ta ga mace da goyo tana tuƙa babur, ta ɗauko ƙaton namiji a baya yana riƙe mata jaka. Ta ce ta tsaya kallo har mota ta kusa tafiya ta bar ta. A Jugu wata mai koko a zangon Hausawa ta sauke ta, ta ce mata wannan hanyar da za ta bi ita ce fataken goro suka bi zuwa Gwanja da jakuna, ita ga ta a mota, me za ta ji tsoro? Daga Kara, cikin Togo, harshe ya ƙare mata. Da yatsa take nuna abin da take so. Ta ga aladu suna yawo a gefen kasuwa kamar awakinmu, daga nan ta ɗaure cikinta, gyaɗa da ayaba kawai ta yarda da su har ta bar ƙasar. A kan iyakar Gana wani jami'i ya kwance ƙunshinta, ya ɗauki gutsuren kanwa ya jujjuya, ya lasa, fuskarsa ta yamutse. Ba mai fassara. Hamsatu ta dafa ciki, ta yi alamar jijjiga jariri, ta nuna gabanta. Wata jami'a mace da ke gefe ta fashe da dariya, ta ɗaure mata ƙunshin da hannunta ta ɗora mata a ka.

A Yandi ta ga yadda ake gaisuwa, mutum ya durƙusa yana "naa, naa" ba ƙaƙƙautawa, ta ce waɗannan sun fi mu ladabi, sai dai ba su da aikin yi. A Tamale ta sami koko da ƙosai da sunansu na gida, ta sha har ta ji idonta ya buɗe.

A motar Salaga ne ta gamu da abin da ya tsaya mata a rai. Wata yarinya Badagomba ta zauna kusa da ita da jariri, uwar yarinyar na gefenta. Tsohuwar sai kiran sunan 'yar take yi, tana share mata gumi da bakin gyale, tana ɓare mata ƙwai tana sa mata a baki. Ita kuma maijegon tana cilla ɗanta sama tana yi masa waƙa a gaban maza. Hamsatu ta sa wani mai jin Hausa ya tambaya ko ta fari ce. Aka ce ta fari ce, shi ma jaririn na fari ne. Ta ce da farko cewa ta yi a ranta, kai, waɗannan ba su da ta ido. Amma har aka isa Salaga ba ta iya ɗauke ido daga kansu ba.

Daga Makango, bakin tafkin, aka shiga jirgin ruwa mai ɗaukar motoci. Ita da aka haifa a bakin gulbi ta ce ba ta taɓa ganin ruwa mai faɗin wannan ba, ga busassun itatuwa tsaye a cikinsa. Tun kafin jirgi ya tsaya ta jiyo warin banda, hankalinta ya ɗan kwanta, ta ce inda ake wannan hayaƙin ba za ta rasa nata ba.

An ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in zai iya faɗin abin da yake nema. Yeji ba Lolo ba ce. Masunta ne daga ko'ina, kowace ƙabila da unguwarta, wasu ma a tsibirai suke. Ta bi hayaƙi har ta sami wata tsohuwa 'yar Yawuri, Ummukulthum, tana juya kifin ƙarfasa. Suka gaisa, aka ba ta ruwa.

"Wata yarinya nika biɗa, ta Lolo. Ta haihu kwanan ga."

"Mi as sunanta?"

Hamsatu ta sunkuyar da kai.

"Af, ta hwari ta! To mijin fa?"

Nan ma shiru, don mijin 'yar fari shi ma ba a kama sunansa. Tsohuwar ta gane, ta ce ba komai, ita za ta riƙa faɗin sunaye, in ta dace Hamsatu ta gyaɗa kai. Ta fara. Ta yi A'i, ta yi Dije, ta yi Kulu, Balki, Rabi, Saratu, Luba. Ta kira makwabta suka taya ta, kowa na jefo nasa kamar ana wasan yara. Suka ƙare sunayen da suka sani har suka shiga na matan annabawa, ba wadda sunan Shafa'atu ya faɗo mata. Hamsatu na zaune sunan na bakinta, tana ji ana kewaye shi. Daga ƙarshe tsohuwar ta gaji ta ce, "Ke, tunda aiki anka yi mata, tahi asibiti. Can ba su ɓatar da mutum."

A asibiti ta tarar da wata nas, gajeriya mai ƙiba, Kirista da sarƙar giciye a wuya, mai irin Hausar zango da ba ta raba mace da namiji. Hamsatu ta yi mata bayani tun daga Lolo. Nas ɗin ta saurara ta ce, "To Mama, suna nshi?"

"Doguwa ta, tana da tsaga nan ga kunci."

"Mama, mutane da yawa na zuwa nan. Suna nshi."

"Mijin masunci na."

"Duka gari masunci ne." Nas ɗin ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ta sama da ƙasa. Ba da mugunta ta faɗa ba, mamaki ne ya kama ta. "Kai ka ce kai ne uwa nshi. Wane uwa ne bai san suna yaro nshi ba?"

Hamsatu ta ce maganar ta shige ta har ƙashi. Ita da ta zaɓi sunan nan a ranta tun cikin yana wata uku, ta raɗa wa Goggo, Goggo ta kai wa maza kamar nata tunanin ne. Ta waiga, ba Bahaushe ko ɗaya a barandar. Ta ja gyale ta rufe baki ta faɗa.

"Ban ji ba, Mama."

Ta saki gyalen. "Shafa'atu!" Har waɗanda ke kan benci suka juyo. Daga nan hawaye suka ɓalle mata, a gaban baƙi, a ƙasar mutane, ta kasa tsayar da su.

Nas ɗin ta san Shafa'atu sarai, ita ke wanke mata ɗinki. Ta ce an sallame ta tuni, har an yi suna. Ta fito da kanta har bakin titi ta tsayar da mai babur, ta kwatanta masa gidan.

Da ta yi sallama Muzammilu ya leƙo, ya gan ta, ya koma da baya kamar ya taka wuta, ya durƙusa a bayan ƙyaure yana jero gaisuwa. Shafa'atu na kwance a tabarma ta rame, ta yunƙura ta ce, "Yaya?" Hamsatu ba ta dube ta ba. Ta sauke ƙunshi ta tambayi iska, "Ina babbar tukunya? Ina itace?"

Muzammilu ya amsa daga bayan ƙyaure. Likita ya hana ruwan zafi saboda ɗinki. Ya hana kanwa ma, ya ce tana taɓa zuciya.

"Likitan ya taɓa haihuwa?"

Hamsatu ta matsa ta ɗaga rigar 'yar kaɗan, ta ga inda aka tsaga, ta mayar ta rufe a hankali. Ba ta sake maganar wanka ba. Ta zauna a bakin ƙofa da ƙunshinta a gaba. Ƙasa uku ta ratsa da shi a ka, kuma shi ne kaɗai bakin da take da shi na yi wa 'yarta magana, ga shi an ce a ajiye. Ta ce tunda take ba ta taɓa jin ta zama ba ta da amfani ba sai ranar.

Amma Hamsatu ba ta iya zaman banza. Ta tashi ta wanke tsummokara, ta share ɗaki, ta karɓi girki daga hannun wata makwabciya 'yar ƙabilar Ewe da ke ta ɗawainiya da maijegon, ta koyi romon kifinsu mai ruwa-ruwa da barkono. Tana aiki tana lura. Jaririyar, Ruƙayyatu, kuka take yi ba ƙarfi. Makwabciyar ta nuna mata da hannu cewa da can ana ba ta nono sosai, yanzu ne abin ya canja. Sai Hamsatu ta gane. Tun da ta shigo gidan, Shafa'atu ta daina duban 'yarta. In ta yi kuka sai ta juya fuska bango, ta jira wani ya ɗauka. Nono ma sai uwarta ta fita take bayarwa, a gurguje. Tana yin kunyar ne yadda aka yi mata, tsaf, don kada a ce ba ta da tarbiyya.

Da hantsi jaririyar ta sake tsala kuka, Shafa'atu ta juya bango. Hamsatu ta ajiye muciya ta shigo, ta ɗauki jikarta, ta zauna a bakin tabarmar, kusancin da ba ta taɓa yi da 'yarta ba tun yaye. Ta ɗora mata ita a cinya.

"Ba ta."

"Yaya, kina nan..."

"Ina nan. Ba ta, kuma ki dube ta. Ki kira ta da sunanta in ji."

Shafa'atu ta dubi uwarta, a karon farko ido cikin ido. Ta sunkuya ta ce, "Ruƙayyatu," a hankali, jaririyar ta kama nono. Ɗakin ya yi tsit sai ƙarar haɗiya.

Can Shafa'atu ta ce, "Yaya, ƙaƙa kinka gane gidan ga?"

"Asibiti."

Shafa'atu ta taɓa kwanciya a asibitin nan, ta san ko ƙwayar magani ba a ba mutum sai ya faɗi suna.

"Mi kinka ce musu?"

Hamsatu ta miƙe tana gyara ɗaurin zane. "Abin da anka tambaye ni. Har sau biyu, matar ba ta ji da kyau." Ta fita ta koma kan tukunyarta, ta bar 'yar tana kuka a kan jaririya, kukan da makwabta suka ji suka sheƙo a guje suna zaton ɗinki ne ya buɗe.

Sai da aka yi arba'in Hamsatu ta dawo Lolo, tun daga nan kuma kowace shekara sai ta kama hanya, wai saro kifi take zuwa yi. Har yau "ta gidan Goggo" take cewa. Bara da Shafa'atu ta zo ganin gida na tambaye ta ko ta taɓa jin sunan a bakin uwar. Ta ce a'a, kuma ta daina jira. Amma duk ranar da ta kai yarinya awo sai ta nemi nas ɗin nan, ta ja ta gefe, ta ce ta sake faɗa mata yadda tsohuwar ta saki gyale ta kira shi.